Nep: Kalmar Ɓarayi da ta Kai Majalisa

A watan Satumba na 2015, ɗan siyasar Holan Geert Wilders ya miƙe a zauren majalisa a birnin Hague, ya kira ta nepparlement, wato majalisar jabu. Yau a Holan komai na iya zama nep: agogo, jakar hannu, har labarin ƙarya, nepnieuws. Sai dai kalmar ta yi doguwar tafiya kafin ta taka wannan zaure.

Wasu kan ce taƙaitawa ce ta Niet Echt Product, "ba kayan gaske ba". Labarin na da daɗin ji, amma shi ma jabu ne, daga baya aka ƙago shi. Asalinta aikatau ne, neppen, damfarar mutum, wanda ya shigo daga Rotwelsch, zaurancen ɓarayi da 'yan yawon duniya na Jamus. A can, Nepper shi ne mai goge zoben tagulla har ya yi walƙiya, ya tari baƙauye a bakin kasuwa, ya raɗa masa cewa zinari ne, matsi ya sa zai rabu da shi da araha. Wasu masana na kai saiwar kalmar ga Ibraniyanci, ga na'af, cin amanar aure.

A Holan, kalmar ta sauka cikin Bargoens, zaurancen 'yan talla da ɓata-gari, wanda ya sha aro daga Yidish, harshen Yahudawan Amsterdam. Daga nan aka samu bajes, kurkuku, da jatten, sata, da tinnef, kayan banza. Hatta laƙabin birnin, Mokum, daga makom ya fito, wato wuri, saiwa ɗaya da "muƙami" da Hausa ta ara daga Larabci. Zaurancen ya dami hukuma, har wani kwamishinan 'yan sanda, Köster Henke, ya wallafa ƙamusinsa, De Boeventaal, a 1906.

Abin takaicin shi ne makomar masu Yidish ɗin. Cikin Yahudawan Holan kusan 140,000, 'yan Nazi sun kashe fiye da 100,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. Waterlooplein, kasuwar Yahudawan Amsterdam ta da, tana nan tana ci, amma gwanjo da tarkace ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, mai saye na jujjuya rigar fata a hannu yana tambayar ko nep ce.