Nkrumah da Ƙuri'ar Mutanen Gana

A watan Fabrairu na shekarar 1951 aka yi babban zaɓe a ƙasar Gana, wadda a wancan zamani ake kira Gwalkwas. Kwame Nkrumah yana kurkuku a Ankara, Turawa sun ɗaure shi saboda ya zuga ma'aikata su yi yajin aiki. Duk da haka jam'iyyarsa ta CPP ta cinye kujeru 34 daga cikin 38 da aka jefa wa ƙuri'a. Ba yadda Gwamna zai yi, sai ya sake shi, ya danƙa masa shugabancin harkokin gwamnati. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Nkrumah mutum ne mai farin jini da iya magana. In ya hau dandali, 'yan kasuwa da leburori sai su yi ta sowa. Amma ba kowa ya bi shi ba. A 1954 gwamnati ta ƙayyade kuɗin koko, manoma suka ga an ƙware su. Tonawa suka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi, suna neman kowace jiha ta riƙe al'amuranta. Mutanen Arewa suna da tasu jam'iyya, Musulmin zango ma haka. Rigima ta yi tsanani a Kumasi, har aka yi asarar rayuka.

Aka sake zaɓe a 1956, CPP ta sami kujeru 71 cikin 104. Ran 6 ga Maris 1957 ƙasar ta sami mulkin kai.

Daga nan Nkrumah ya soma ɗaukar masu sukarsa abokan gaba. A 1958 aka yi dokar tsare mutum ba shari'a. Dakta Danquah, wanda jam'iyyarsu ta kirawo shi gida a 1947, a kurkuku ya rasu a 1965. Tun 1964 aka hana kowace jam'iyya sai CPP, zaɓen 1965 kuwa ba a ko jefa ƙuri'a ba, don ba abokin takara.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ba sauran mai iya faɗa masa haka. Talakawa kuma ba su da hanyar sauke shi da ƙuri'a. Ran 24 ga Fabrairu 1966, yana kan tafiya a ƙasar Sin, soja da 'yan sanda suka hamɓare gwamnatinsa, mutane suka fito titunan Ankara suna murna. Bai sake taka ƙasarsa ba har ya rasu a 1972.