Kundin Afirka da ya tsaya a juzu'i na 3

Wani mushe da ke koyarwa a lakwal a Dungas ya aiko da tambaya: ina babban kundin da yaro zai buɗe ya ga sarakunan Sosebaki, na Dungas da Waca da Mirya, tare da Tanimun na Damagaram? An taɓa ɗaura niyyar yin irinsa, malam, kuma labarin yadda ya tsaya ya isa a ba da shi.

W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fata na Amurka, ya fara neman haɗa kundin Afirka tun 1909. Ya sake gwadawa bayan 1930, manyan gidauniyoyin Amurka suka hana shi kuɗi, abin da ya fito a 1945 juzu'in share fage ne kawai. Sai a 1961 Kwame Nkrumah ya kira shi Gana, yana ɗan shekara 93. Aka buɗe ofishin Encyclopaedia Africana a Akara a 1962, da sharaɗin ƴan Afirka ne za su rubuta, ƙasashensu ne kuma za su yi karo-karo su biya. Du Bois ya rasu ranar 27 ga Agusta 1963, ko shafi ɗaya bai ga an buga ba.

Da yawa suna ɗora laifin a kan juyin mulkin Gana na 24 ga Fabrairu 1966. Suna da hujja: Nkrumah ya faɗi, Alphaeus Hunton da ke riƙe da ofishin an sa shi barin ƙasar. Amma ba a rufe ofishin ba. L.H. Ofosu-Appiah ya karɓi aikin, kuma bayan juyin mulkin ne duk abin da ya fito ya fito. Ni na fi gamsuwa da masu cewa rashin zubi ne ya kashe shi. Aiki irin wannan adashi ne mai tsawon shekaru, wanda ya ga kwasarsa ta yi nisa sai hannunsa ya yi nauyi. Wace gwamnati za ta riƙa zuba kuɗi kowace shekara alhali juzu'in ƙasarta ba a ko fara shi ba?

Masu cewa sai a sayar wa mutane tun kafin a buga, su tuna da kundin Diderot a Faransa. Mutum kusan 4,000 suka biya, amma daga 1751 sai 1772 aka kammala juzu'i 28, kuma a 1759 hukuma ta soke izinin bugun, sauran aikin a ɓoye aka ƙarasa shi. Su ma da masu kuɗi a bayansu, da ƙyar suka sha.

Na Akara kuwa, juzu'in Habasha da Gana ya fito a 1977, a Amurka ma aka buga shi. Saliyo da Zayar a 1979, ƙasashe huɗu na kudancin Afirka a 1995. Layi bai zo kan Nijar ba.

Shi ya sa mai neman tarihin Dungas da Magarya a rubuce yake komawa ga bayanan Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, waɗanda gwamnatin Faransa ta buga a 1911, ko littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram. Duka biyun da Faransanci suke.