Sanduna Takwas a Ƙarƙashin Mota: Tarihin Zaɓen Ƙarfe a Wasan Hawan Duwatsu

A cikin motocin wasa da ake sarrafawa da rimot akwai wani rukuni da ba ruwansa da gudu. Aikin waɗannan motoci shi ne hawan duwatsu a hankali, kuma galibinsu kashi ɗaya cikin goma ne na girman motar gaske. A ƙarƙashin kowacce akwai siraran sanduna, yawanci huɗu a gaba huɗu a baya, da ke haɗa shasi da aksil, wato ƙarfen da tayoyi biyu ke maƙale a jikinsa. Su ne ke barin aksil ya karkace ya bi yanayin dutse ba tare da ya goce daga mazauninsa ba. A gasa kuwa, inda ake cin tarar direba idan ya ja da baya ko ya sa hannu ya taɓa motar, sanda guda da ta lanƙwashe tana iya rushe aikin makonni.

Wasan ya samo asali ne daga manyan motoci. Tun 1953 masu Jeep a Amurka suke taron shekara-shekara a hanyar Rubicon da ke jihar Kalifoniya, a 1967 kuma aka fara irin wannan taro a garin Moab na jihar Utah. Da masu ƙananan motoci suka so kwaikwayon wannan hawa a farkon shekarun 2000, babu kamfanin da ke sayar da motar da aka ƙera domin haka. Sai suka koma ga abin da ke hannu, musamman Clod Buster, wadda kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 1987, mai inji guda a kan kowane aksil. Sukan cire aksil biyun, su yar da sauran jikin, su ƙera shasi nasu. Sandunan haɗi kuwa dole kowa ya yi wa kansa.

Tambayar farko da suka fuskanta ita ce ta ƙarfi. Abu mafi sauƙin samu shi ne dogon ƙarfe mai tiredi daga shagon kayan gini, wanda ake yankawa a ɗaura masa kawuna masu juyawa a ɓangarorin biyu. Matsalarsa ita ce siranta. Tun 1744 masanin lissafi Leonhard Euler ya bayyana yadda doguwar sanda siririya ke lanƙwashewa idan aka matse ta daga kawunanta: idan tsawonta ya ninka biyu, nauyin da za ta iya ɗauka yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kauri kuma yana da tasirin da ya fi haka, domin sanda mai milimita 5 ta fi mai milimita 4 taurin lanƙwasa kusan sau biyu da rabi. Wannan ne ya sa maƙeran gida suka riƙa zura ƙarfen mai tiredi a cikin bututun birkin mota, ko bututun alminiyam, ko ma sandar kibiya ta 'yan wasan harbi. Na ciki yana riƙe ja, na waje yana hana lanƙwasa.

Bayan an shawo kan wannan, sai duwatsun suka kawo tambaya ta biyu, wato santsi. Sandunan ƙasa su ne ke gogar dutse duk lokacin da mota ta haye tudu. Alminiyam ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin huda da yanka, amma yana da laushi, kaifin dutse yakan kafe a jikinsa ya tsayar da motar cak. Mafitar ta zo daga wata roba mai tauri, Delrin, wadda kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1960 domin ƙera ƙananan giya da sassan injuna. Tana zamewa a kan dutse, kuma idan ta ɗan tanƙwara takan koma yadda take. Aibinta shi ne rashin tauri, don haka ko dai a yi ta da kauri sosai, ko a sa mata ƙarfe a ciki. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma ya samu karɓuwa, saboda ya fi alminiyam tauri kusan sau uku, kuma dutse ba ya cin jikinsa da sauƙi.

A 2007 kamfanin Axial na Kalifoniya ya fitar da AX10 Scorpion, motar da aka ƙera musamman domin hawan dutse, daga baya SCX10 ta biyo ta, a 2017 kuma Traxxas ya fitar da TRX-4. Zuwan waɗannan bai kashe sana'ar hannu ba. Sandunan roba da ke zuwa da wasu motocin sukan tanƙwara, kuma duk wanda ya so ƙara tazara tsakanin tayoyin gaba da na baya, ko ya lanƙwasa sandar ƙasa domin ta kauce wa dutse, sai ya koma teburin aikinsa.

A nan ne tambaya ta uku ta fito fili, ita ce kuma ta saɓa wa abin da injiniyoyin tsere suka saba koyarwa. A motar tsere, ana ƙoƙarin rage nauyin duk abin da ke motsi tare da taya, domin shokazoba ta iya bin ramuka cikin sauri. Motar da ke tafiyar hawainiya ba ta da wannan damuwa. Abin da take tsoro shi ne kifewa a kan gangare. Duk nauyin da aka sauko da shi kusa da ƙasa yana ƙara mata zama daram. Saboda haka tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, ta zama abin nema. Sandar tagulla ta ninka ta alminiyam mai girma ɗaya nauyi fiye da sau uku: giram 8.5 a kowace santimita kubik, alhali alminiyam 2.7 ne. Titaniyam, mai giram 4.5, ya tsaya a tsakiya. Yana da ƙarfi da juriya, amma yana da tsada kuma yana wahalar da mai yanka tiredi da kayan gida.

Daga waɗannan tambayoyi uku ne tsarin da gogaggu da yawa ke bi a yau ya fito. Sandunan sama, da ba sa taɓa dutse kuma suna nesa da ƙasa, a yi su da abu marar nauyi kamar alminiyam. Na ƙasa a yi su da ƙarfe marar tsatsa idan ana son tauri da santsi, ko tagulla idan nauyi ake nema, tare da sanin cewa tagulla ta fi saurin lanƙwashewa. Wanda ya lanƙwasa sanda da gangan ya tuna cewa ya rage mata juriyar matsi, sai ya rama da kauri. Kamfanoni yanzu suna sayar da sandunan tagulla da na titaniyam a cikin fakiti, amma gwajin da ya nuna amfaninsu an yi shi ne da zarto da bututun birki a garejin gidaje.