Karen Mota

Mu da muka taso a Bauranya mun san ba a kiran mutum kare a kwashe lafiya. Amma a tashar Kankiya, kan hanyar Kano zuwa Katsina, sai ka ji an ce "ina karen motar nan?" kuma ba wanda zai ɗaga kai.

Sunan bai girmi mota ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, daga baya manyan motoci suka riƙa kwaso buhuna daga ƙasar Katsina. Kowace mota da yaronta: shi ne lodi, shi ne sa weji a ƙarƙashin taya, shi ke kwana a gindinta yana gadi direba na can masauki. Aikin karen gida ke nan sak, sai sunan ya bi shi.

Turawa ma sun ari dabbar, amma yabo suke nufi. Watchdog suke ce wa ɗan jarida mai sa wa gwamnati ido, haka ma abin da ke sake tayar da kwamfuta idan ta sandare. Mu masu rubuta manhaja nan muke cijewa wajen fassara. Muka ce kare, mai karatu zagi zai ji, domin a wajenmu ɗan siyasa ne ke da karnukan farauta, azzalumi kuma ke cin karensa babu babbaka.

Direbobi da yawa daga nan suka faro, ba su cika son a tuna musu ba. Yanzu a tasha an fi cewa yaron mota ko kwandasta, musamman in yana tsaye a wurin.