Yerwa, Zangon Masu Tafiya Gabas

Sau da yawa yaranmu kan tambaye mu wai me ya kawo kakanninmu Barno har aka sami unguwar Hausari. Mukan ce musu fatauci ne. Haka ne, amma fa ba shi kaɗai ba. Da yawa daga cikinsu niyyar Makka suka ɗauro daga Kano ko Katsina, guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari a taɓa sana'a a sami na gaba. Aka yi aure, aka haihu, shi ke nan zama ya kama su.

Tun da Shehu Garbai ya tare a Yerwa cikin 1907 garin nan ya zama babban zangon maniyyata. Daga nan ayari kan nufi Dikwa, ya isa Kusiri, a haye ruwa cikin kwalekwale zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Sai Abeshe, sai Janaina da Fashir a ƙasar Darfur, har Al-Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Wani a jaki, wani a takarkari, akasari kuwa a ƙafa. Mutum kan shafe shekaru kafin ya ga tekun Maliya.

Zangon da ya fi zama a bakin dattawanmu shi ne Mai Wurno, a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka kafa garin. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, maniyyata kan tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira su haɗa kuɗin jirgin Jidda. Nan ma wasu ba su ci gaba ba, kamar dai namu na Yerwa.

To, jirgin sama ya kashe wannan hanya, ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya tagayyara dangin namu na can. Tsofaffin da suka san gidan wane da wane kuwa sai ƙarewa suke yi. Don Allah duk mai sauran dattijo a gida ya zauna da shi, ya rubuta sunayen waɗanda suka wuce gabas da garin da suka tsaya, ya miƙa wa sakataren ƙungiya. Zumunta dai a ƙafa take. Allah Ya jiƙan magabata, amin.