Minti Shida: Yadda Tarihin Dokoki Ya Tsara Damben Farko na Ɗan Koyo

Damben farko na ɗan koyo a boksin ba ya wuce turmi uku, kuma a wurare da dama kowane turmi minti biyu ne, da hutun minti ɗaya a tsakani. Ke nan duk watannin da saurayi ya kwashe yana gudun asuba, yana tsallen igiya, yana jibgar buhu, a cikin minti shida za a ga amfaninsu. Kafin a kaɗa ƙararrawa, abin da masu horarwa suke raɗa wa yaransu kusan iri ɗaya ne, ko a Legas ko a Kyuba: ka riga shi kai hannun gaba, ka mayar da hannunka haɓa, kada ka nemi kisa, ka riƙa numfashi. Mai sauraro zai zaci da wannan hikima aka halicci dambe. Amma kowace shawara a cikinsu wata doka ce ta haife ta, kuma wanda ya san tarihin dokokin zai gane dalilin shawarar.

A Ingila ta ƙarni na 18 da hannu tsirara ake dambe, caca kuma ita ce ke riƙe da shi. A 1743 wani zakara mai suna Jack Broughton ya rubuta ƙa'idoji bakwai don filin wasansa na Landan. A ƙarƙashinsu turmi ba shi da ƙayyadadden lokaci. Yana ƙarewa ne idan ɗaya ya faɗi, sai a ba shi daƙiƙa 30 ya dawo tsakiyar fili. Ba a ƙidayar maki. Wanda ya kasa tasowa shi aka cinye. Dabarar irin wannan dambe jimiri ce: mutum ya tattala ƙasusuwan hannunsa, ya kama abokin karawa ya maka shi da ƙasa idan ya samu dama, sannan ya jira gajiya ta ƙarasa masa aiki. Har wasu suka mayar da faɗuwa da gangan hanyar samun hutu, sai da dokokin 1838 suka haramta hakan. A 1889, lokacin da John L. Sullivan ya kara da Jake Kilrain a jihar Misisifi ta Amurka, sai da suka yi turmi 75, fiye da awa biyu cikin zafin rana.

Broughton ɗin nan ne kuma ya shigo da safar hannu mai laushi, domin ɗalibansa 'ya'yan manya, waɗanda ke son koyon dambe amma ba sa son komawa gida da kumburarren ido. A wajen atisaye kaɗai ake sa ta. Wato tun asali don ɗan koyo aka ɗinka safar dambe, zakaru daga baya suka gaje ta.

Babban sauyi ya zo a 1867, da aka buga dokokin da John Graham Chambers ya tsara, waɗanda suka yi suna da sunan basaraken da ya ɗaure musu gindi, Marquess na Queensberry. Su ne suka wajabta safar hannu, suka ƙayyade turmi minti uku da hutun minti ɗaya, suka hana kokawa, suka kuma ba wanda ya faɗi daƙiƙa goma kacal. A 1880 aka kafa ƙungiyar damben sha'awa ta Ingila, ta waɗanda ba kuɗi suke nema da shi ba, ta kuma shirya gasarta ta farko a 1881. Da yake wasanninta gajeru ne, kuma sau da yawa ana tashi babu wanda ya faɗi, dole alƙalai su zauna a gefe su auna wanda ya fi. A nan tambayar dambe ta sauya. Da ana tambayar wa ya rage a tsaye, yanzu ana tambayar wa ya fi kai naushi mai tsabta kafin lokaci ya cika.

Duniya ta ga abin da wannan sauyi ke nufi a 1892 a New Orleans. James Corbett, tsohon ma'aikacin banki da ya koyi dambe a wani kulob na 'yan sha'awa a San Francisco, ya fuskanci Sullivan a ƙarƙashin sababbin dokoki. Bai tsaya sun gwada ƙwanji ba. Ya riƙa kewaya shi, yana tsikararsa da hannun hagu yana janyewa, har Sullivan ya galabaita, sannan ya kashe shi a turmi na 21. Tun daga lokacin miƙaƙƙen naushin hannun gaba ya zama harafin farko da ake koya wa kowane ɗalibi. Shi ne mafi kusa da abokin karawa, shi ya fi saurin komawa gida, kuma shi alƙali ya fi gani.

A nan ne wanda ya tashi yana kallon damben gargajiya zai yi hattara. A namu damben hannun gaba garkuwa ne, a buɗe yake, da shi ake karewa ana auna tazara, hannun da aka naɗe kuma yana baya yana jiran dama ɗaya. Bisa al'ada kisa ne ke raba gardama, idan an yi turmi uku babu kisa sai a tashi canjaras. Saurayin da ya shiga boksin da wannan tunani zai ɗana hannun baya yana jiran ranar sa'a, abokin karawarsa kuwa yana ta tara maki da hannun gaba. Boksin ɗin sha'awa na zamani bai bar wa alƙali damar cewa an yi kunnen doki a turmi ba; dole ya ba wani.

Wannan salo ne ya shiga gasar Olamfik tun 1904, kuma ta ƙofarsa ƙasashenmu suka fara ɗanɗana lambar yabo. Nojim Maiyegun ya ci wa Najeriya tagulla a Tokyo a 1964, ita ce lambarta ta farko a Olamfik. Issaka Daboré ya ci wa Nijar tagulla a Munich a 1972, a zuwansa na uku, kuma sai a 2016 ƙasar ta sake samun wata lambar.

Daga nan dokoki suka ci gaba da juya dabara yadda suka so. A 1984 a Los Angeles aka fara sa hular kariya a Olamfik. A 1988 a Seoul, alƙalai uku cikin biyar suka ba Park Si-hun na Koriya ta Kudu nasara a kan Roy Jones na Amurka, alhali kowa ya ga Jones ne ya mamaye wasan. Abin kunyar ya sa aka koma ƙidaya da kwamfuta daga 1992: alƙalai biyar, kowa da maɓallinsa, ba a rubuta maki sai uku sun danna cikin daƙiƙa ɗaya. Nan da nan 'yan dambe suka gane abin da na'urar ke so. Naushi ɗaya miƙaƙƙe a fuska, wanda kowa zai gani, ya fi jerin naushi biyar a ciki, kuma wanda ya shiga gaba da maki sai ya kama gudu har lokaci ya ƙare. A 2013 aka watsar da wannan tsari, aka cire wa manyan maza hula, aka koma ba wanda ya ci turmi maki goma, ɗayan kuma ƙasa da haka. Yanzu alƙali yana duba yawan naushi masu inganci, da wanda ya juya wasan, da wanda ya nuna yana son ci.

Idan aka tattara wannan gado, shirin ɗan koyo ya fito fili. Tunda turmi uku ne kawai, wanda ya bar na farko ya suɓuce yana nazari, sai ya ci biyun da suka rage duka, don haka ya fara kai hannu tun a daƙiƙun farko. Tunda turmi ake ci, ya rufe kowanne da aiki, domin abin da alƙali ya gani a ƙarshe ya fi zama masa a rai. Tunda alƙalin tsakiya yana da ikon tsayar da wasa ya ƙirga takwas ko da mutum bai faɗi ba, kuma yawan ƙidayar na iya kawo ƙarshen wasan, saukar da hannu ko juya baya sun fi kowane kuskure tsada. Riƙo, da sunkuyar da kai ƙasa ainun, da mari da cikin safa, duk suna jawo gargaɗi da rage maki.

Akwai kuma abokin gaba da babu dokar da ta taɓa magance shi, wato fargaba. Ita ce ke sa ɗan koyo ya riƙe numfashi, ya ƙanƙame kafaɗu, ya zazzage ƙarfinsa duka a minti na farko, ya shiga turmi na biyu hannuwa kamar an ɗaura musu dutse. Shi ya sa masu horarwa ba sa ɗora masa dabaru da yawa. Hannun gaba, sai na baya ya biyo, sai a matsa gefe: abin da jiki ya haddace kaɗai ke fitowa idan kai ya ɗauki zafi.

A 1954, a garin Louisville, wani ɗan sanda mai suna Joe Martin ya shigar da wani yaro ɗan shekara 12 damben farko, bayan makonni kaɗan na horo. An yi turmi uku babu kisa, ra'ayin alƙalai ya rabu, yaron ya tsira da ƙyar da rinjayen maki. Sunansa a lokacin Cassius Clay. Bayan shekara shida ya ci zinare a Rum, daga baya duniya ta san shi da Muhammad Ali.