Pabna: Garin Da Paro Ta Baro

Mai karatu, in ka taɓa kallon Devdas na 1955, to ka san Paro, masoyiyar Dilip Kumar. Amma ko ka san Suchitra Sen, jarumar da ta fito a Paro, ba a Indiyar yau ta tashi ba? A Pabna ta girma, wani gari a Bangladesh da ke bakin kogin Ichamati, kusa da babban kogin Padma.

Turawan Ingila ne suka mai da Pabna gunduma a 1828. Ƙasa ce mai dausayi, ta manoman shinkafa da masaƙa. A 1873 manoman suka haɗa kai suka ƙi biyan ƙarin kuɗin gona da masu filaye suka ƙaƙaba masu. Wannan turjiya na cikin abin da ya jawo dokar kare manoma ta 1885.

A 1947 aka raba ƙasar. Pabna ta faɗa Gabashin Pakistan, mabiya addinin Hindu da dama suka yi ƙaura, har da iyalin su Suchitra. Kalkata ta samu jaruma, Pabna kuwa aka bar ta da gidan. Sai bayan rasuwarta a 2014 aka mai da gidan wurin tunawa da ita.